Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Binciken Muhalli Kafin a Shata Mana Hanya



Tun da ƙarar bindiga ta lafa a Sinja a ƙarshen 2024, ta kuma lafa a Madani a farkon 2025, hirar zaure ta fara komawa kan gyara. Ana maganar kwaltar da ta farfashe daga Hartum zuwa Madani, daga Madani zuwa Sinnar, daga Sinnar ta bi ta Mai Wurno da Sinja har Damazin. Ana maganar gadoji da tashoshin mota, da ranar da jirgin ƙasa zai sake ɗaukar fasinja a wannan yanki. Muna maraba da wannan hira, domin babu wanda ya kai mutumin ƙauye sanin darajar hanya. Shi ne yake ɗora mai naƙuda a kan karo cikin laka a watan Agusta, shi ne kuma albasarsa take ruɓewa a bakin gona saboda mota ta kasa shigowa. To amma akwai maganar da muke so ta riga motocin ɗan kwangila isowa, wato maganar binciken muhalli. Ra'ayinmu shi ne kada a kafa turke ɗaya na sabuwar hanya ko layin dogo ko tasha sai an yi wannan bincike a gabanmu, an rubuta abin da muka sani a cikinsa. Mu kuma mu fara namu shirin tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da hukuma take kira nazarin tasirin aiki a kan muhalli, in an warware shi, tambayoyi ne da kowane dattijo zai yi kafin ya yarda a gina katanga kusa da gidansa. Ina ruwan sama zai bi bayan an gama? Daga ina za a ɗebo ƙasar ciko, kuma me za a yi da ramin? Gonar wa za a ci, itacen wa za a sare, ta ina shanu za su tsallaka? Akwai wata hanyar da za a iya bi wadda ta fi wannan sauƙin ɓarna? Ɓarnar da ba makawa sai ta auku, wa zai biya, wa zai sa ido har a cika alkawari? Amurka ce ta fara mayar da wannan bincike wajibi a doka a farkon 1970, ƙasashe suka bi sahu. A nan Sudan, Dokar Kare Muhalli ta 2001 ta ɗora wa mai son yin babban aikin da zai iya taɓa muhalli ya gabatar da irin wannan nazari, kuma akwai Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa da aka kafa tun farkon shekarun 1990 domin kula da wannan fanni. Doka dai tana nan. Abin da aka saba gani shi ne a rubuta rahoton bayan an riga an yanke shawara, da harshen da injiniyoyi kaɗai ke ganewa, a ajiye shi a ofis, mutanen da hanyar za ta ratsa ta ƙofar gidansu ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ƙasarmu tana da halin da ya sa wannan sakaci yake da tsada. Baƙar laka ce, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, gangararta ba ta ganuwa da ido. Da rani ta daddare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta kumbura ta toshe, ruwa ya zauna a kanta ya rasa inda zai nutse. Saboda haka duk mai gina hanya a nan dole ya ɗaga ta a kan ciko, ko kwalta ce ko layin dogo. Ciko mai tsawon kilomita masu yawa a kan irin wannan fili kuwa madatsa ce, ko an kira ta da wannan suna ko ba a kira ta ba. Ruwan da ya saba malala a hankali zuwa kogi sai ya zo ya tarar da bango. Idan kwalbatocin da aka sa sun yi kaɗan, ko sun yi ƙanƙanta, ko an sa su inda taswira ta nuna maimakon inda ruwa yake bi, sai ruwan ya juya ya nemi mafi ƙasƙancin wuri. Mafi ƙasƙancin wuri kuwa sau da yawa shi ne unguwar da aka bar wa baƙo da talaka, mai ginin jar ƙasa da ɗanyen tubali, wanda kwana biyu a cikin ruwa ya ishe shi ya zube. A daminar 2020, lokacin da Nil Azraƙ ya yi cikar da ta wuce ta 1946 da ta 1988, kowa ya ga yadda ruwa ke neman tsohuwar hanyarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Sai kuma ramukan da ake haƙa domin ɗebo ƙasar ciko. Ɗan kwangila yakan haƙa su kusa da hanya don rage kuɗin jigila, ya gama aiki ya tafi ya bar su a buɗe. Damina ta cika su, su zama kududdufai a bakin gari, sauro ya hayayyafa, yara su shiga wanka a rami mai gefe a tsaye wanda babba ma in ya zame ba lalle ya fito ba. Mu mutanen Jazira ba ma bukatar a yi mana darasi a kan abin da kwantaccen ruwa yake haifarwa. Madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 ta shayar da gonakin da, bayan an ƙara Manaƙil, suka haura fadan miliyan biyu, kuma kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi dakon ƙasa a gininta, suka tsinci audugarta shekara da shekaru. Arzikin ya zo, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka biyo tur'o'in, har sai da aka kafa wani babban shiri na lafiya na Nil Azraƙ a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya domin yaƙar cututtukan da ruwan ban-ruwa ya yaɗa. Fiye da shekara hamsin ke nan tsakanin buɗe ruwa da wannan shiri, kuma mafi yawan masu shan wahalar su ne mazauna kambo da ke sha da wanka da wanki a tur'a.

Akwai kuma darasi mai daɗi a tarihin sufurin wannan yanki. Dazuzzukan bagaruwa da ke kwance a fadamun kogi tsakanin Sinnar da Rusairis, waɗanda Larabawa ke kira sunuɗ, an killace su tun zamanin Turawa ana sarar su bi da bi, ana sake shukawa, domin daga gare su ake yanko katakon da ake shimfiɗa ƙarfen dogo a kai, ana yanka shi a Suki. Hukumar jirgin ƙasa tana bukatar itacen, don haka aka yi lissafin shekarun da zai ɗauka ya girma. Dajin ya riƙe gaɓar kogi, ya ba dabbobi inuwa da abinci, ya ba majema 'ya'yan bagaruwa. Ashe ana iya yin lissafi mai nisa idan mai iko yana da bukata a ciki. Abin da muke nema shi ne a yi mana irin wannan lissafi ko da bukatar tamu ce kawai.

Babbar ɓarnar da ta fi damun mu ita ce wadda taswira ba ta nunawa. Tun Dokar Filayen da Ba a Yi wa Rajista ba ta 1970, wadda dokar mu'amaloli ta 1984 ta gaji ruhinta, duk filin da ba shi da takarda ana ɗaukarsa na gwamnati ne. Mai hawasha a Jazira yana da suna a littafin hukuma. Amma ɗan kambo da aka haifi kakansa a bakin tur'a, da mai noman jarfi da ke shuka kuɓewa da tumatir da albasa a gaɓar kogi idan ruwa ya janye, da masuncin da ke ɗaure kwalekwalensa a mashigi ɗaya tun zamanin mahaifinsa, da matar da ke sayar da shayi da ƙosai a tsohuwar tasha, yawancinsu ba su da ko rabin takarda. Idan mai bincike ya zauna a Hartum ya duba hoton da aka ɗauko daga sama, zai rubuta cewa fili ne babu kowa. Da wannan jimla ɗaya ake shafe diyya, a shafe maƙabarta, a shafe mashaya da burtali. Alhali mun san garuruwanmu ba jiya aka kafa su ba. Mai Wurno tana nan a bakin kogi tun shekaru kaɗan bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa, kusan shekara ashirin kafin a buɗe madatsar Sinnar.

Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa, to ya dubi Rusairis. Madatsa ce, amma darasinta ya hau kan kowane babban aiki da ke taɓa ƙasa. An gama ta a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a farkon 2013. Tafkin ya faɗaɗa ya cinye ƙauyuka da gonakin gaɓa, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa 12 da har yau ake kiran su da lamba. An gina ɗakuna, an ja layuka. Tambayar da muke ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce ta gona da makiyaya: wa zai noma ina, da izinin wa, ƙarƙashin wace sarauta, kuma yaya mutanen da dā kowa ke da ƙauyensa za su zauna a matse wuri guda? Ba mu ce ƙarin madatsa shi kaɗai ya haifi fitinar 2022 ba, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a watan Yuli da watan Oktoba ta kuma raba dubbai da gidajensu. Dalilanta suna da yawa, har da siyasa. Amma kowa ya san cewa maganar ƙasa tana tsakiyarta, kuma yankin Wad al-Mahi, inda wasu daga cikin garuruwan nan masu lamba suke, yana cikin inda wutar ta fi ci. Duk binciken da ya ƙirga itatuwa da kifaye ya tsallake tambayar zaman mutane da maƙwabtansu, rabin bincike ne.

Wannan tunani ba daga waje muka aro shi ba. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki da maƙwabtaka a fiƙihun Malikiyya ya san cewa kawar da cuta ƙa'ida ce, kuma rijiya da kogi da hanya da gari kowanne yana da hurumin da ba a shiga. Wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, inda ake ganin alƙali yana aika masana su je su duba da idonsu ko hayaƙi ko magudana ko girgizar injin niƙa na cutar da maƙwabci kafin a yanke hukunci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan raya mataccen fili da hurumi da makiyayar da ake keɓe wa jama'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a nasihar da ya rubuta kan tushen siyasa, ya lissafa gina gadoji da kula da hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ke wuyan shugaba. Gina hanya wajibi ne, duba cutarta ma wajibi ne, magabatanmu ba su raba su ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ƙasa ta fito daga wuta, baitulmali babu kuɗi, mutane na mutuwa saboda motar asibiti ba ta iya wucewa, ku kuma kuna maganar kwalbati da kududdufi. Maganar tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Cike rami a tsohuwar kwalta, ko ɗora gadar wucin gadi inda aka karya ta dā, ba ya bukatar a jira shekara ana rubutu, a yi shi yau. Amma sabon layi, da faɗaɗa hanya, da ɗaga ciko, da mayar da tasha wani wuri, abubuwa ne da za su zauna shekara hamsin, kuma kuskure a cikinsu ba ya gyaruwa da arha. Ƙara kwalbati a kan takarda aikin alƙalami ne, ƙara shi bayan an zuba kwalta sai an fasa hanya. Sauri ya haifi nawa? Ban da haka, yaƙin kansa ya ƙaro abubuwan dubawa: harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a gefen hanyoyi, da kaburburan waɗanda aka binne cikin gaggawa inda ajali ya same su, da gidajen da masu su suke gudun hijira ba su nan balle a tambaye su. Gidan da mai shi yake Gadarif ba kango ba ne. Kuma in kuɗin aikin daga manyan bankunan raya ƙasa zai fito, su da kansu suna sharɗanta wannan bincike, har ma ƙa'idar Bankin Duniya ta tanadi taimakon sake matsuguni ga wanda aka tasa ko da ba shi da takardar mallaka. Yin binciken da kyau yana kusanto da kuɗin.

Saboda haka ga yadda muke ganin ya kamata a tafiyar da shi. A fara shi tun ana da zaɓi tsakanin layi biyu ko uku, domin binciken da aka yi bayan an sa hannu a kwangila hatimi ne kawai. Mai aiki shi zai biya kuɗin nazarin, haka aka saba ko'ina, amma kada ya zama shi ne mai duba shi ya amince wa kansa. Masanan Jami'ar Jazira da ke Madani da na Jami'ar Sinnar da na Damazin sun san wannan laka fiye da baƙon da zai kwana uku ya koma, a sa su cikin masu dubawa. Mai bincike ya zo da damina ya ga ruwa yana tafiya, kada ya zo a watan Maris ya rubuta cewa ƙorama busasshiya ce. A Nijeriya, inda aka yi dokar wannan bincike a 1992, ana baje rahoton a bainar jama'a kwana 21 na aiki domin mai ƙorafi ya rubuta. Mu ma a baje mana shi a ofishin mahalliyya, a kuma karanta taƙaitaccensa da baki a kasuwa da zaure da rediyo, da Larabci mai sauƙi da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, a yi wa mata zama na dabam domin su ne suka san hanyar ɗiban ruwa da hanyar makarantar yara. A ƙarshe, duk alkawarin da aka yi, na cike ramuka, da yayyafa ruwa don ƙura, da mashigar dabbobi, da wurin tsallakar mutane a tsakiyar gari, a rubuta shi cikin kwangila da kuɗinsa, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har hanyar ta ga damina ɗaya. Hanyar Hartum zuwa Madani ba banza mutane suka laƙaba mata hanyar mutuwa ba. Kwaltar da ta raba gari biyu, makaranta a can gidaje a nan, motoci na gudu babu abin da zai rage musu sauri, ita ma cutar muhalli ce.

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya jiran gwamnati. Mu da muke riƙe da alƙalami a zaurukan dattawa mun san yawan takardun kuka da ake rubutawa bayan ruwa ya shiga gida, mun kuma san ƙarancin abin da suke haifarwa. Takarda ɗaya kafin aiki ta fi ɗari bayansa. Kowane gari da kowane kambo ya buɗe littafi. A zauna da tsofaffi tun suna raye a rubuta inda ruwa ya tsaya a 1988 da 2020, da hanyar da kowace ƙorama take bi, da iyakar maƙabarta tsohuwa da sabuwa, da rijiyoyi da mashigin kwalekwale da burtali, da sunan kowane gida da shekarun da ya yi a wurin, har da na waɗanda ke gudun hijira. Samarinmu masu waya su ɗauki hoton alamar ruwa a jikin bango da kwanan wata, su ajiye kwafi a fiye da wuri ɗaya, domin mun ga yadda yaƙi ke cin takardu. A zaɓi lajana ta mutum kaɗan, da dattijo da mace da matashi mai karatu, wadda za ta tarbi duk wanda ya zo da ma'auni, ta tambaye shi cikin ladabi sunan aikin da inda rahotonsa yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin a yi rufi.

Kada kuma mu yi wannan aiki mu kaɗai. Ruwan da ciko ya tare ba ya tambayar ƙabila. Maƙwabtanmu Funj da Hamaj da Barta da Ingasana, da Larabawan ƙauyukan Jazira, da Fulani da Rufa'a masu kiwo, da 'yan'uwanmu na Darfur da muke zaune kambo ɗaya, duk hanya ɗaya za ta ratsa mu. Littafin da aka rubuta tare, kowa ya sa hannu a kan iyakar ɗan'uwansa, ya fi ƙarfi a gaban hukuma, kuma yana toshe kafar da mai son haɗa mu faɗa zai shiga. Bayan abin da muka gani a 2022, babu mai hankalin da zai so a sake shata layi a kan ƙasa ba tare da an zauna an fahimci juna ba.

Muna roƙon masu karanta wannan shafi su kai maganar zaurukan garuruwansu, su karanta wa waɗanda ba su da waya. Wanda ya san wata ƙorama ko maƙabarta ko burtali da tsohuwar hanya ta taɓa cutarwa, ya rubuto mana sunan wurin da abin da ya faru, domin mu fara tarawa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa hanyoyin da za a gina su zama na alheri gare mu da maƙwabtanmu baki ɗaya.